Neman sunan icce a GBIF: me ya sa bagaruwa ɗaya ke ba da lissafi biyu?

Hadiza:
Assalamu alaikum malamaina. Tambaya gare ni kan GBIF, shafin nan na duniya da ke tara bayanan inda aka ga tsirrai da dabbobi. In aka rubuta Acacia nilotica a wajen neman bayanan inda aka ga icce, aka zaɓi ƙasar Nijar, adadi ɗaya ke fitowa. In aka rubuta Vachellia nilotica, wani adadi daban ke fitowa, kuma ya fi na farko yawa. Alhali an koya mana duka biyun bagaruwa ce. Wanne za a ɗauka a memwar, wato rubutun binciken gama karatu? Haka ma gawo, takardun ma'aikatar gandun daji Acacia albida suke cewa, shafin kuma yana mayar da mutum Faidherbia.

Mushe Lawali:
Wa alaikumus salam Hadiza. Na biyun za ki ɗauka. GBIF yana da babban jerin sunaye nasa, kuma kowane suna yana da lambarsa, ita ce taxonKey. Vachellia nilotica shi ne sunan da aka amince da shi, don haka lambarsa tana kwaso komai: bayanan da aka shigar da sabon suna da waɗanda aka shigar da tsofaffin sunaye. Acacia nilotica kuwa tsohon suna ne, lambarsa ba ta kawo miki sai bayanan da masu su suka rubuta da wannan sunan kaɗai. Shafin ba ya yi miki kashedi a fili, shi ya sa mutane da yawa ke sauke rabin kaya suna zaton sun kwashe duka.

Hanya mafi tsabta: kada ki fara daga wajen neman bayanai. Fara daga shafin irin iccen. Rubuta sunan, ki duba ƙarƙashinsa ko an ce karɓaɓɓe ne ko tsohon suna ne na wani. In tsoho ne, latsa karɓaɓɓen, daga can ki shiga bayanan, sannan ki tace da ƙasa.

Hadiza:
Na gode Mushe. To amma me ya kai su canza sunan tun farko?

Dakta Mutari:
Binciken ƙwayoyin gado ne ya nuna abin da ake kira Acacia ba gida ɗaya ba ne, gidaje ne da yawa aka haɗa. Da aka zo rabawa sai rigima ta tashi kan wa zai riƙe sunan. Babban taron masana tsirrai na Vienna a 2005 ya bar wa itatuwan Ostareliya sunan, na Melbourne a 2011 ya tabbatar. Namu na Afirka suka rabu gida biyu. Masu ƙaya miƙaƙƙiya bibbiyu a gindin ganye, furensu dunƙulalle kamar ƙwallo, suka koma Vachellia: bagaruwa, kandili, farar ƙaya. Masu ƙaya lanƙwasassa da fure dogo suka koma Senegalia. Ki dubi reshen dakwara da kyau, ƙaya uku ce wuri ɗaya, ta tsakiya ta lanƙwasa ƙasa, biyun gefe suna kallon sama. Ita ce Senegalia senegal yanzu, sarƙaƙiya kuma Senegalia ataxacantha.

Gawo ba ya cikin wannan rigima. Masanin tsirrai Delile ya sa masa Acacia albida a 1813, wani masanin, Chevalier, ya ware masa gidansa, Faidherbia, tun 1934. Shi ya sa ake rubuta Faidherbia albida (Delile) A.Chev. Sunan da ke cikin baka na wanda ya fara bayyana iccen ne, na waje na wanda ya sauya masa gida. Takardun ofis ne kawai suka daɗe ba su bi ba.

Malam Habu:
Dakta, da girmamawa, ni ban yarda a ce takardun ofis ne suka makara ba. Duk littattafan da ma'aikacin gandun daji ke aiki da su daga Tanut zuwa Magarya, Acacia ke ciki. Masu sayen ƙaro Acacia senegal suka sani. In ɗaliba ta rubuta Senegalia senegal a rahoto ta kai sarbis, rabin masu karantawa za su ɗauka wani baƙon icce aka shigo da shi. Kuma masanan Afirka da yawa sun yi adawa da hukuncin nan, ba a ɓoye yake ba.

Dakta Mutari:
Sun yi adawa, gaskiya ne Malam Habu, kuma da hujjarsu. Amma ko da Afirka ce ta ci sunan, dakwara sai ta fita daga Acacia, don ita da bagaruwa ba gida ɗaya suke ba. Maganar rahoto kuwa mai sauƙi ce: a ambato na farko a rubuta sabon suna, a biyo shi da tsohon, a ƙara na Hausa. Daga nan a ci gaba da ɗaya.

Malam Habu:
Wannan na yarda. Abin da ban so shi ne a goge tsohon kwata-kwata.

Mushe Lawali:
Bagaruwa ma ba ta ƙare nan ba. A tsofaffin takardu za a tarar da Acacia arabica, da Acacia scorpioides, da Acacia nilotica var. adansonii. Wannan na ƙarshen shi ne Vachellia nilotica subsp. adstringens a yau, mai kwanso shafaffe wanda bai cika tsukewa tsakanin 'ya'ya ba, saɓanin na bakin ruwa mai kwanso kamar carbi. Wanda ke bincike kan bagaruwar majema dole ya kula da wannan bambanci. Haka kandili: Acacia raddiana ya zama Vachellia tortilis subsp. raddiana, wato an sauko da shi daga cikakken iri zuwa reshen iri. In kin sauke fayil kina son ƙidaya iri nawa ne, yi amfani da layin speciesKey, kada ki ƙidaya da scientificName, in ba haka ba icce ɗaya zai fito miki sau uku ko huɗu.

Malama Rabi:
Ku masu itatuwa naku da sauƙi, rabin sunan ne ya canza. Hatsi fa? Pennisetum typhoides, Pennisetum americanum, Pennisetum glaucum, yanzu kuma Kew, cibiyar binciken tsirrai ta Ingila, ta ce Cenchrus americanus, tun aikin da aka buga a 2010. Wato hatsi da ƙarangiya, Cenchrus biflorus, gida ɗaya. Mai neman glaucum a ƙarƙashin Cenchrus ba zai same shi ba, don sunan biyu ma ya sauya. Masu binciken noma kuwa har gobe Pennisetum glaucum suke rubutawa, saboda haka in maƙaloli kike nema, da shi za ki nema.

Ƙwari ma haka. Tsutsar zangarniyar hatsi tana Raghuva albipunctella a rubuce-rubucen da, yanzu Heliocheilus albipunctella. Mai huda kara Acigona ignefusalis ce da, yanzu Coniesta ignefusalis. Ɗan ƙwaron da ake saki a gonaki don ya kashe tsutsar zangarniya, wasu Bracon hebetor suke rubutawa, wasu Habrobracon hebetor. Wanda ya nemi suna ɗaya kawai ya bar rabin abin da aka rubuta.

Sani:
Malamai, in mutum na da jerin sunaye kamar ɗari biyu daga ƙidayar gona, sai ya bi su ɗaya-ɗaya? Da rezon nan namu ai sai a kwana.

Mushe Lawali:
A'a Sani. GBIF na da kayan aikin daidaita sunaye, Species matching. Ka shirya fayil na CSV, a saman layin farko na tsaye ka rubuta scientificName daidai haka, ƙaramin s babban N, ka jera sunayen a ƙasa. Ƙara layi na biyu mai suna kingdom, ka cika shi da Plantae in tsirrai ne, Animalia in dabbobi ne. Yana ɗaukar har suna 6000 a tashi ɗaya, kuma fayil ɗin ƙarami ne, ba ya cin rezo.

Abin da zai dawo maka da shi shi ne aikin. Kowane suna zai samu ɗaya daga alamomi huɗu. EXACT, ya samu sunan daidai. FUZZY, ya ga kuskuren rubutu ya yi hasashe, kamar ka rubuta Zizyphus maimakon Ziziphus, ko Balanites aegyptiacus maimakon aegyptiaca. HIGHERRANK, bai gane irin ba sai ya tsaya a sunan gida ko na dangi. NONE, bai san shi ba sam. Duk FUZZY ka duba shi da idonka, don hasashen kan faɗa kan wani iri mai kama da shi a rubutu. HIGHERRANK ya fi haɗari, saboda layin yana cike kamar an samu amsa, alhali kalgonka ya koma Piliostigma kawai ba iri.

Kafin ka ɗora, share alamomin rashin tabbacin suna irin su sp., cf., aff., da alamar tambaya, ka ajiye su a wani layi daban. Ka kula da sarari biyu tsakanin kalmomi da sararin da ke maƙale a ƙarshen suna.

Sani:
Layin kingdom ɗin dole ne?

Dakta Mutari:
Ba dole ba ne amma kada ka bar shi. Dokar sa wa tsirrai suna daban, ta dabbobi daban, don haka suna ɗaya kan zauna a ɓangarori biyu. Ficus gidan ɓaure ne, kuma akwai dodon koɗin teku mai suna Ficus. Oenanthe tsuntsu ne da ke zuwa mana da rani, kuma tsiro ne na Turai. Prosopis ma an taɓa sa wa wasu ƙudan zuma. In ba ka faɗa masa ɓangaren ba, ko ya ƙi ba ka amsa ko ya kai ka inda ba ka nufa ba.

Tunda Prosopis ya shigo: a 2022 an raba shi. Ƙirya ta tashi daga Prosopis africana ta koma Anonychium africanum, baƙon nan mai cinye fadama, Prosopis juliflora, ya koma Neltuma juliflora. A nan ne rumbunan ke saɓa wa juna, don ba rana ɗaya suke sabunta jerinsu ba. Kana iya ganin sabon suna a POWO, rumbun sunayen tsirrai na Kew, ka je wani rumbun ka tarar tsohon ne karɓaɓɓe.

Malam Habu:
Ƙiryar ma ba su bari ba! Allah ya kyauta.

Hadiza:
To Dakta in sun saɓa, wa za a bi?

Dakta Mutari:
Ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kansa, ki rubuta a sashen hanyar bincike cewa sunaye sun bi rumbu kaza, an duba ranar kaza. Ga tsirrai ni POWO nake ba ɗalibai shawara, sai a gwada da African Plant Database na Janeba, wanda ya fi sanin tsofaffin sunayen yankinmu. IPNI kuma kada ki ruɗe da shi: yana gaya miki wa ya buga suna, a ina, yaushe, amma ba ya cewa wannan karɓaɓɓe ne wancan ba haka ba. The Plant List ki rabu da shi, tun 2013 ba a taɓa shi ba, World Flora Online ne ya gaje shi. Har yanzu ana ganin memwar da ke dogara da shi.

Hajiya Zeinabu:
Akwai abin da duk kayan aikin nan ba sa kamawa. Tafasa. Tsofaffin littattafan Afirka ta Yamma Cassia tora suke ce mata. Ka sa Cassia tora a na'urar daidaitawa, za ta ba ka EXACT, ta kai ka Senna tora, ka tafi da murna. Alhali tafasar da ke bayan gidajenmu, wadda ake kwaɗo da ita, masana sun daidaita a kan Senna obtusifolia ce. Sunan na nan daram, icce ne aka laƙaba wa sunan wani. Kwamfuta rubutu take dubawa, ba ganye ba. Saboda haka duk sunan da ya fito, a buɗe taswirar yaɗuwarsa a POWO a ga ko an san shi a Nijar ko maƙwabta. In taswirar ta nuna Asiya kaɗai, a tsaya a sake bincike.

Mushe Lawali:
Shi ya sa nake cewa kada a taɓa rubuta sabon suna a kan na asali. Layi uku: sunan da aka samo a takarda ko a bakin mai gona yadda yake, sunan da aka daidaita, da rumbun da ya ba da shi. GBIF kansa haka yake yi, verbatimScientificName shi ne abin da mai bayanin ya rubuta, scientificName shi ne yadda shafin ya fassara shi. In kika ga wani abu bai kwanta miki ba, gwada su biyun.

Sani:
Wata matsalar: in na tace da Zinder a wajen jiha, abin da ke fitowa kaɗan ne ƙwarai, ko gawo da ya cika Matamai da Mirya.

Malama Rabi:
Gurbin stateProvince rubutun hannu ne, abin da mai tattarawa ya ga dama shi ya sa. Wani ya rubuta Zinder, wani Damagaram, wani Mirriah ko Myrriah, da yawa sun bar shi fanko. Tsofaffin samfuran da ke ajiye a Faris wani lokaci sunan mulkin mallaka ke jikinsu. Gara ka tace da iyakokin mulki na GADM, ko ka zana da'ira a taswira. Sai dai ka sani wannan ba ya kamo sai bayanan da ke da lambobin wuri, tsofaffin samfura marasa GPS sun zube ke nan. In kana son su, sauke na ƙasar gaba ɗaya ka bi layin locality da hannu.

Lambar ƙasarmu NE ce, NG ta Najeriya. Ana samun bayanan jihar Neja ta Najeriya ko na bakin kogin Kwara da aka jefo mana saboda an ga kalmar Niger a takardar.

Kuma ƙarancin ɗigo a taswira ba ƙarancin icce ba ne. Ɗigo yana nuna inda wani ya tsaya ya rubuta ya aika. Masu tattarawa hanyar mota suke bi, shi ya sa za ka ga ɗigon sun yi layi a kan titi.

Mushe Lawali:
Lambobin wurin ma a tantance su. Birnin Damagaram yana wajen 13.80 arewa, 8.99 gabas. In aka sa alamar ragi gaban 8.99, ɗigon ya tafi Mali. In aka juya su, 8.99 ta zama arewa 13.80 gabas, ya faɗa arewacin Kamaru wajen Garwa. Waɗannan GBIF kan yi musu alama a layin issue, cewa ƙasa da lambobi ba su dace ba. Wanda ba ya kamawa shi ne mai kwafe digiri da minti kai tsaye: 13°48' a rubuta 13.48 maimakon 13.80. Ɗigon na nan cikin Nijar, amma ya gusa kudu da kusan kilomita 35. Minti sittin ke digiri ɗaya, sai an raba 48 da 60.

Fayil ɗin da ake saukewa kuma sunansa CSV amma da tab aka raba shi. A kwamfuta mai Excel na Faransanci in ka latsa shi sau biyu komai zai cushe a layi ɗaya, lambobin wuri kuma su zama rubutu don ita waƙafi take jira ba ɗigo ba. Buɗe Excel tukuna, shigo da fayil ɗin ta wajen bayanai, zaɓi tab, zaɓi UTF-8, ka gaya masa ɗigo ne mai raba lamba. Kuma ka adana DOI, lambar shaida ta dindindin da suke ba kowane saukewa, ita za ka ambata a memwar.

Malam Habu:
Ni abin da ya fi ci mini rai, ka rubuta gawo ko aduwa ko sabara a akwatin nema, sau da yawa shiru. Mai gona da sunan Hausa yake magana, ma'aikaci da shi yake fara rubutu a fili.

Hajiya Zeinabu:
Ko an shigar da su, Malam Habu, sai an yi hattara. Rubutun ya kasu: gao da gawo, adoua da aduwa, kirya da ƙirya, kuma na'ura ba ta san k da ƙ 'yan uwa ba ne. Sannan suna ɗaya kan rufe iri biyu. Kalgo a nan Piliostigma reticulatum ne, can kudu inda ruwa ya fi yawa thonningii ma kalgo ake ce masa. Fara da kurciya kuwa ba a magana. Sunan Hausa mafari ne mai kyau, amma sai an haɗa shi da hoton ganye, fure ko ɗa, ƙaya da ɓawo, da wurin da aka gani. Ƙamus ɗin sunayen tsirran Nijar na Peyre de Fabrègues har yanzu shi ne gadar da aka fi takawa, sai dai sunayen kimiyyar da ke ciki na zamaninsa ne, dole a bi da su ta na'urar daidaitawa.

Malam Habu:
To su wa za su shigar da na Hausar in ba mu ba?

Hajiya Zeinabu:
A iNaturalist, shafin da mutane ke sa hotunan tsirrai da dabbobi a tantance musu suna, kowa mai rajista na iya ƙara suna a shafin iri, ya zaɓi harshen. Amma a daidaita rubutu tukuna, kada kowa ya sa nasa. A fayil ɗin da za a aika GBIF kuma akwai gurbin vernacularName.

Ibro:
Na tsuntsaye da dabbobi a taƙaice. Kurciyar gida ta tashi daga Streptopelia senegalensis zuwa Spilopelia senegalensis. Fakara daga Francolinus bicalcaratus zuwa Pternistis bicalcaratus. Balbela da kowa ya sani da Bubulcus ibis, eBird, shafin masu lura da tsuntsaye, ta mayar da ita Ardea ibis a 2024, wasu jerin ba su bi nan take ba. Avibase ne ke nuna sunan da kowane jeri ke amfani da shi gefe da gefe. Barewar Termit da ake kira Gazella dama yanzu Nanger dama ce. Masu aikin kifi a tafkin Gidimuni su nemi Coptodon zillii maimakon Tilapia zillii, tarwaɗa kuma Clarias lazera ta narke cikin Clarias gariepinus.

Abu ɗaya da ba kuskure ba ne: dabbobin da ke bakin ƙarewa, irin Addax nasomaculatus, iNaturalist da gangan yake ɓoye ainihin wurinsu saboda mafarauta. Yana watsa ɗigon cikin akwati mai faɗin digiri 0.2, kimanin kilomita 22 kowane gefe. Duba coordinateUncertaintyInMeters kafin ka ɗora irin wannan ɗigo kan taswirar ciyayi ka ce ga inda dabbar ke kiwo.

Sani:
Hotunan da muke sawa a iNaturalist duka suna isa GBIF?

Ibro:
A'a. Sai mai kwanan wata da wuri da hoto ko sauti, wanda fiye da kashi biyu cikin uku na masu tantancewa suka yarda da sunansa, kuma lasisinsa CC0 ne ko CC BY ko CC BY-NC. In ka kulle haƙƙin mallaka gaba ɗaya, yana nan zaune a iNaturalist. Ana gyara wannan a saitin asusu, kuma ana iya sa shi ya shafi tsofaffin hotuna.

Hadiza:
Mushe, jerin nawa iri 60 ne na gonakin gawo. In na bi da shi ta na'urar, in turo waɗanda suka fito FUZZY da HIGHERRANK nan a duba mini?

Mushe Lawali:
Turo, amma haɗe da layin sunan asali da na Hausa. Duk mai Acacia, Cassia ko Prosopis a ciki ki turo shi ko da EXACT ya ba ki.